Taswirar mota ba ta san tsoro ba

Taswirar da ake ƙera motocin zamani da ita tana bai wa direba zaɓi: hanya mafi sauri, ko mafi gajarta, ko mai tsimin mai. Tana kuma iya kauce wa shingen biyan kuɗi da jirgin fito. Duk waɗannan damuwar direban Jamus ce da na Amurka.

Wanda ya tashi daga Kaduna zuwa Kontagora damuwarsa daban ce. Na'urar za ta nuna masa Birnin Gwari, domin a lissafin kilomita nan ne kusa. Shekarun da 'yan bindiga suka shafe suna tare wannan hanya ba sa cikin lissafinta. Ba ta san gadar da ruwa ya cinye da damina ba, kuma azahar da magariba duk ɗaya ne a wurinta.

Kamfanoni suna da laifi, tunda lissafi suke sayarwa da sunan shawara. Amma na 'yan boko ya fi girma. Suna ganin ƙasƙanci ne su tsaya a tasha su tambayi direban haya, alhali shi ne ya bi hanyar jiya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma har yau wannan zaɓi ba ya kan allon mota.