Waiwaye: Darasin Wayar da Ake Ɗaurawa a Kan Gora

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ba za su manta da zaman sauraron rediyo a ƙofar gida bayan sallar isha'i ba. BBC ta fara magana da Hausa a 1957, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna da ake kamawa har ƙasashen maƙwabta a gajeren zango. Idan murya ta fara nutsewa cikin shuuu, ba wanda zai ce a sayo sabuwar rediyo. Sai wani ya lalubo ragowar wayar tagulla, ya fere bakinta da reza, ya naɗa a jikin eriya, ya miƙa wa yaro ɗaya bakin ya hau katanga ya ɗaure a kan gora. Nan take sai ka ji mai karanta labarai raɗau.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne ƙorafin da nake ji daga matasan da suka shiga harkar sikana, wato rediyon da ke laluben zanguna da kanta tana tsayawa inda ta ji magana. Wasunsu ma 'yar na'urar RTL-SDR suke sokawa a kwamfuta, wadda ta yaɗu tun 2012. Kukansu ɗaya ne: an kashe kuɗi, amma ba a jin komai. In ka duba, sai ka tarar suna zaune a ƙuryar ɗaki mai rufin kwano, da guntuwar eriyar robar da ta zo a cikin kwali. Eriya ita ce kunnen rediyo. Abin da ba ta kamo ba, babu na'urar da za ta ƙirƙiro shi, komai tsadarta.

Tun farkon lamarin haka yake. A watan Disambar 1901, Guglielmo Marconi ya je tsaunin Signal Hill a Newfoundland don ya saurari saƙon da ake aikowa daga Poldhu a Ingila, nisan kilomita kusan 3,500 a ƙetaren teku. Iska ta tsinke balan-balan ɗin da ya fara ɗaga waya da shi. Ranar 12 ga watan sai ya koma ga abin nan na ƙyalle da iska ke ɗauka sama, ya ɗaura masa waya mai tsawon mita 150 ko kusa da haka, kuma a ranar ya ce ya ji ɗigo uku na harafin S. Na'urarsa ba ta da abin ƙara ƙarfin murya ko kaɗan. Doguwar waya da tsayi su ne jarinsa. A 1926 kuma, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi na Jami'ar Tohoku a Japan suka nuna cewa jera sanduna a tazarar da aka auna yana tattaro sigina daga fuska guda. Wannan ita ce Yagi, eriyar talabijin ɗin da muka saba gani a kan rufin gidaje.

Iyayenmu sun gane amfanin tsawo da tsayi ta hanyar gwaji. Abin da mai sikana zai ƙara a kai shi ne awo. Gajeren zango na mita 49 yana son doguwar waya, shi ya sa dabarar gora ta yi aiki. Sikana kuwa ta fi yawo a zangunan da tsawonsu bai wuce 'yan mitoci ba, kuma a nan doguwar waya barkatai ba ta da wani alfanu. Lissafin mai sauƙi ne: raba 75 da adadin megahaz ɗin da kake nema, abin da ya fito shi ne tsawon sandarka a mita, wato rubu'in zango. Tashar FM a megahaz 100 tana son santimita 75. Matuƙa jirgin sama suna magana da hasumiya tsakanin megahaz 118 da 137, don haka santimita 60 ta wadatar, a rage kamar uku saboda sigina ba ya gudu a ƙarfe kamar yadda yake yi a sarari.

Haɗa irin wannan eriya ba wuya. Samo soket ɗin eriya mai faranti da huji huɗu a wajen masu gyaran rediyo, da waya mai kauri irin ta wayarin gida. Yanka biyar tsawo ɗaya. Liƙa ɗaya da dalma a tsakiyar soket ta miƙe tsaye, sauran huɗun ka ɗaure su a hujojin, ka lanƙwasa su ƙasa rabin hanya tsakanin kwance da tsaye. Toshe mahaɗar da salatif don kada ruwan damina ya shiga. Tsayuwar tana da muhimmanci, domin jirage da motoci a tsaye suke aika siginarsu.

Wanda ke son jin zanguna da yawa lokaci guda, diskon ce tasa, wadda Armig Kandoian ya sami rajistar ƙirƙirarta a Amurka a 1945: faifai a sama, mazurari kife a ƙasa. Tana ji daga kowace fuska, sai dai ba ta ƙara ƙarfi. Wanda kuma tasha ɗaya mai nisa yake hari, sai ya nemi Yagi ya juya bakinta can.

Daga nan sai tsayi, domin waɗannan zangunan kusan a miƙe suke tafiya, katanga da tudu suna tare su. Eriyar da ke mita 9 sama tana hango kilomita 12 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kebul ma a taƙaita shi, don kowace mita tana cin wani abu daga siginar. Na dish mai kyau ya isa. A kuma nisanta eriyar da inbata, cajar waya da ƙwan fitila mai araha, waɗanda hayaniyarsu ke danne murya mai rauni.

Akwai abubuwa biyu da ba a sassauci a kansu. Kada a kafa sanda inda za ta taɓa wayar lantarki in ta faɗi, kuma da hadari ya taso a zare kebul daga rediyo. Sannan kowace ƙasa tana da dokarta kan abin da aka yarda a saurara. A san ta, kuma maganar da ba da kai ake yi ba, ba taka ba ce ka yaɗa.

Darasin ya wuce rediyo. Mun zama masu saurin ɗora laifi a kan kaya da garzayawa kasuwa, alhali magabata sukan fara tambayar ina matsalar take. Su sun yi haka ba tare da sanin lissafin ba. Mu da lissafin yake hannunmu, ba mu da uzuri. Kafin ka sayi wata sikana, auna waya, ka yanka, ka ɗaga ta sama, ka kuma koya wa yaron da ya riƙe maka tsani dalilin kowace santimita.