Wasiƙa Zuwa Ga Sababbin Ma'aikatan Jinya Na Anka, Gummi Da Bukkuyum

Ƙannena,

Na san hankalinku yanzu yana kan jarrabawar Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda sai da lasisinta za a kira ku nas. Ku dage da karatu, Allah Ya ba da sa'a. Sai dai akwai darasin da yankin nan ya biya da rayukan 'ya'yansa, shi nake so ku shiga ɗakin marasa lafiya da shi.

A farkon 2010 yara suka yi ta mutuwa a Yargalma da Dareta da Abare da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amai, ciwon ciki, jijjiga, sai suma. Duk malamin asibitin da ya ga haka, sanƙarau zai fara zuwa masa a rai, ko maleriyar da ta hau kai, kuma ban ga laifinsa ba. An ba da magani, yara ba su tashi ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka shigo lamarin a watan Maris, aka aika jini gwaji, sannan aka gane gubar dalma ce. Dutsen zinare mai ɗauke da dalma ake kawowa gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙura ta lulluɓe tsakar gidan da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu.

To, ku lura. Idan magani ya cika lokacinsa majinyaci bai samu sauƙi ba, wannan kansa alama ce, kada ku tsaya a kan ƙara allura. Gwaji ya nuna maleriya ba shi ke nan an gama ba, domin a damina yaro na iya ɗauke da ita alhali wani abu dabam ne ke cin ƙwaƙwalwarsa. Jijjiga babu zazzaɓi ta isa ta sa ku ja kujera kusa da uwar. Mene ne sana'ar maigida? A ina ake niƙa dutse? An yi rashin wani yaro a gidan, ko a maƙwabta? Ku tambaya da ladabi. Da zinaren nan ake ci da gida, kuma uwar da aka yi wa tsawa a gaban mutane ba za ta ƙara buɗe baki ba.

Akwai magani, DMSA, na sha ne, ana fara shi idan dalma ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini. Amma yaron da aka sallama zuwa gidan da ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba, zai dawo. Yaran Bagega, ɗaya daga cikin garuruwan da gubar ta shafa, sai a 2013 aka tsaftace garinsu kafin su samu magani. Saboda haka kafin sallama ku gaya wa uwa a daina daka dutse a gida, mahaƙi ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Ku na Gummi, kada ku ce abin na maƙwabta ne. Jikin yaro mai tamowa da ƙarancin jini ya fi saurin jan dalma, kuma a 2015 cutar ta ɓulla a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja.

Ku rubuta sunan ƙauyen kowane yaro a katinsa. Ranar da biyu ko uku suka zo daga wuri ɗaya da alamu iri ɗaya, ku sanar da likita da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma kafin ku tashi aiki.

Wassalam,
Yayarku a aikin jinya.