Wane Ne Gwani Cikin Makaɗan Gangar Metal?

Zan kawo muku wata gardama da ta hana ɗakin kwananmu sakat tun farkon zangon nan. Ni ɗan aji biyar ne, kuma ina cikin 'yan badujalar makarantarmu, inda nake kaɗa ƙaramar ganga. A lokacin dogon hutu yayana ya nuna mana, ni da wani abokina, hotunan bidiyo na makaɗan wani irin kiɗan Turawa da ake kira metal. Tun daga ranar muke ta ja-in-ja a kan wane ne gwaninsu. Abokina ya ce wanda ya fi kowa sauri shi ne gwani. Ni kuwa na ce ba haka abin yake ba, ga kuma dalilaina.

Kafin in yi nisa, ya kamata in yi wa iyayenmu ɗan bayani. Metal kiɗa ne mai ƙara da nauyi, wanda ake yi da jita mai aiki da lantarki da kuma ganguna. Masana da yawa suna cewa ya samo asali ne a birnin Birmingham na ƙasar Ingila, inda wata ƙungiya mai suna Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Makaɗin gangarsu ba ganga ɗaya yake riƙewa ba kamar namu. Zaune yake a kan kujera, ganguna da faya-fayen tagulla sun kewaye shi, yana dukansu da sanduna biyu. A ƙasa kuma akwai babbar ganga wadda ake kaɗawa da ƙafa ta hanyar taka feda. Watau dai hannu biyu da ƙafa biyu, kowane da aikinsa a lokaci guda.

A ganina, abubuwa uku ake dubawa idan za a auna makaɗi. Na farko gwanintar hannu da ƙafa, watau abin da jikinsa zai iya. Na biyu salo, watau abin da zai sa ka gane shi ko ba ka gan shi ba. Na uku kuwa sanin ya kamata, watau ya san inda zai buga da inda zai bari.

Bari mu fara da gwaninta, tun da nan ne abokina ya kafa tutarsa. Amfani da manyan ganguna biyu na ƙafa ba 'yan metal ne suka ƙago shi ba, wani makaɗin jaz ne mai suna Louie Bellson ya shahara da shi tun shekarun 1940. Amma da Phil Taylor na ƙungiyar Motörhead ya buɗe waƙar "Overkill" da shi a 1979, sai samari makaɗa suka shiga tsere. Ku yi lissafin da kanku. Idan waƙa tana tafiya bugu 200 a minti, makaɗi kuma yana raba kowane bugu gida huɗu da ƙafafunsa, to duka 800 ke nan a minti ɗaya, fiye da 13 a kowace daƙiƙa.

A wannan fage gwanin abokina shi ne Tomas Haake na ƙungiyar Meshuggah ta ƙasar Suwidin. A waƙarsu "Bleed" ta 2008, hannuwansa suna riƙe da bugu madaidaici wanda ko ɗan aji ɗaya zai iya bi da tafi, alhali ƙafafunsa suna wani lissafi dabam mai sarƙaƙiya, suna ta juya shi har fiye da minti bakwai. Sai da ya yi watanni yana koyon wannan waƙa ɗaya tak. Na biyunsa Joey Jordison na Slipknot ta Amurka, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 46. Shi har a kan wani dandamali da ke tashi sama yana juyawa yakan yi kiɗa, bugunsa bai kauce ba. Yabon gwani ya zama dole, ban kuwa taɓa musun cewa mutanen nan biyu gwanaye ne ba.

Sai dai akwai wani hanzari. A zamanin nan ana maƙala wa ganga wata 'yar na'ura wadda ke mai da kowane taɓi, komai rauninsa, ya fito da ƙara iri ɗaya. Sa'an nan a ɗakin ɗaukar sauti ana iya matsar da bugun da ya kauce a kwamfuta, a mai da shi gurbinsa. Ban ce Haake ko Jordison sun dogara da wannan ba, don dubban mutane sun gan su ido da ido. Abin da nake cewa shi ne, sauri da daidaito abubuwa ne da inji zai iya yi, har ya fi mutum. In da su kaɗai ne ma'auni, da kwamfuta ce sarkin makaɗan duniya.

To, sai salo. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A nan ina kawo Dave Lombardo na Slayer, wanda aka haifa a Habana ta ƙasar Kyuba a 1965, ya tashi a Kalifoniya. Faifansu "Reign in Blood" na 1986 waƙoƙi goma ne, amma duka-duka bai cika minti 30 ba saboda tsabar gudu. Duk da haka ba gudun ne ya burge ni ba, don bayansa an yi waɗanda suka fi shi gudu. Abin da ke akwai, kiɗansa kamar ingarman doki yake wanda ke neman ƙwace linzami, kana ji kamar yanzu zai kubce, amma ba ya kubcewa. Wannan fargabar da yake sa wa mai sauraro ita ce salonsa, ba kuwa a koyon ta da ƙirga bugu.

Haka nan Nicko McBrain, wanda ya shiga Iron Maiden a 1982. Lokacin da kowa ke rububin feda biyu, shi kusan duk rayuwarsa feda ɗaya ya riƙe, sau da yawa ma ba ya sa takalmi. Da ƙafar nan ɗaya yake fitar da sukuwar da aka san ƙungiyarsu da ita. A watan Janairu na 2023 ya sami shanyewar ɓarin jiki na dama, amma bayan 'yan watanni ya koma kan kujerarsa. Hannunsa bai koma kamar da ba, dole ya sauƙaƙa wasu wurare, har ya daina yawon wasa a Disamba 2024 yana da shekara 72. Ga darasi a nan: ciwo ya rage masa gwaninta, amma masu saurare ba su daina gane cewa shi ne ba.

Yanzu mu zo ga na uku, wanda a wurina shi ne uban sauran. Bill Ward na Black Sabbath da sauraron makaɗan jaz ya tashi, irin su Gene Krupa da Buddy Rich, ba shi da wani makaɗin metal da zai kwaikwaya, domin kafin su babu abin. Ku saurari waƙarsu "War Pigs" ta 1970. Bayan gabatarwa sai jita ta buga sau biyu ta yi tsit. Me Ward ya yi da wannan fili? Bai cika shi da hayaniya ba, sai ɗan ƙis-ƙis kawai a faifan tagulla, ya bar mawaƙi ya faɗi maganarsa. Sai can gaba, idan mawaƙi ya numfasa, shi kuma ya amsa masa da ganguna, kowace amsa dabam da 'yar'uwarta. Duk wanda ya taɓa ganin mai kalangu a bayan mawaƙi ya san wannan ladabi, makaɗi ya sassauta hannu idan ubangidansa na magana, ya cika wurin idan ya yi shiru. A ranar 5 ga Yuli 2025, Ward yana da shekara 77 ya sake zama da abokansa uku na asali a wasansu na bankwana a Birmingham, manyan ƙungiyoyi irin su Metallica da Slayer kuwa suka zo suka yi wasa kafin su don girmamawa.

Akwai mutum ɗaya da muka fi yin zafi a kansa, shi ne Lars Ulrich na Metallica, haifaffen Denmak. Abokina ya ce rago ne, wai a gaban jama'a bugunsa yakan yi gaba ya yi baya. Wannan suka ba shi ya fara ta ba, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ya kuma kawo hujja da abin da ya faru a Donington ta Ingila a watan Yuni 2004, ranar da rashin lafiya ta hana Ulrich fitowa. Lombardo ya kaɗa waƙoƙi biyu na farko, Jordison ya kaɗa mafi yawan sauran, wasa kuma ya tafi lafiya lau. Abokina ya ce, "Ka gani? Ko ba shi ma an yi."

Na ce masa, "To, kiɗan wa suka kaɗa a ranar?" Ulrich ne ya kafa ƙungiyar tare da James Hetfield a 1981, kuma da shi ake tsara kusan dukkan waƙoƙinsu, a yanke inda za a yi gudu, inda za a ja birki, da inda za a tsaya cik. Bayan faifansu na 1988 mai wuyar kaɗawa, sai ya rage hannu a na 1991, ya koma bugu mai sauƙi mai nauyi, faifan kuwa ya sayu fiye da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai. Ba kuma zan ɓoye kuskurensa ba. A faifan "St. Anger" na 2003 ya saki wayoyin da ke ƙarƙashin ƙaramar gangarsa, sai ta riƙa ƙara kamar ana dukan garwa, har yau ana yi masa dariya a kai. Ashe sanin ya kamata ma yakan kubce wa mai shi.

Kada ku zaci daga littafi na samo wannan ra'ayi. Da kunya na saye shi. A ranar gasar wasanni ta gida-gida, ni aka ba ƙaramar ganga lokacin da gidanmu zai yi maci. Na yi mako uku ina koyon wani bugu mai sauri a kan akwatina, ina kwaikwayon Jordison. Da muka iso gaban rumfar manyan baƙi sai na ga ga ranar nuna kai, na sake shi. Bugun ya fita sarai, amma da na dawo sai na tarar na ɓata ƙirga. Layin gaba suna hagu, na baya suna dama, wani ya taka wani, iyaye suna ta dariya. Gidanmu ne ya zo na ƙarshe a maci. Da yamma malaminmu ya kira ni, na durƙusa na ce, "Malam, a yi haƙuri." Ya ce, "Kai yaro, ƙafafun mutum sittin aka ba ka amana, kai kuwa ka tsaya nuna hannunka." Kwana biyu 'yan gidanmu ba su yi mini magana ba, na kuma san sauri ya haifi nawa.

Abokina yana da magana ɗaya mai ƙarfi da ba zan tsallake ba. Ya ce sanin ya kamata mafakar malalaci ce, duk wanda ya kasa sai ya ce da gangan ya bari. Gaskiya ne, wanda bai iya ba, ba a ce ya bari. Shirun Ward yana da daraja ne don mun ji abin da hannunsa zai iya a cikin waƙar nan ɗaya. Saboda haka ban ce a daina motsa hannu ba, ni ma kullum bayan sallar la'asar ina kan akwatina. Amma gwaninta kayan aiki ce, kamar fartanya a hannun manomi, ba a yabon manomi don kaifin fartanyarsa, sai an ga damin da ya ɗaure.

Daga ƙarshe ga hukuncina. A gwanintar jiki na ba Haake. A salo na ba Lombardo, McBrain na biye da shi. Amma in aka ce in ɗauki ɗaya tak in yi koyi da shi, Bill Ward zan ɗauka, domin shi ne ya fi sa ni jin waƙar maimakon jin makaɗin. Abokina har yanzu bai sallama ba, ya ce zai kawo amsarsa a fitowa ta gaba, ina kuwa jiran sa. Ni dai an sake ba ni ganga a faretin ƙarshen zango, kuma na yi wa 'yan gidanmu alkawari cewa ba za su ji kome daga gare ni ba sai hagu da dama.