Wasan Wani, Wahalar Wani: Yawon Babur a Tsaunin Mambila

Duk wanda ya tashi daga Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, yana nufin Gembu, zai bi ta Bali da Serti. Idan ya wuce Mayo Selbe, sai hanya ta fara hawa. Daga nan sai kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun, har ya isa Maisamari. Zafin da ya baro a ƙasa yana raguwa a hankali, har ya fara neman rigar sanyi. Wannan shi ne Tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna, kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru.

A kan wannan hanya ana iya ganin mutum biyu, kowa da babur ɗinsa. Na farko baƙo ne. Babur ɗinsa babba ne, ya ɗaure akwatuna a gefe da gefe, ya sa hular kwano da takalma masu kauri, ga na'urar ɗaukar hoto a jikin hular. Ya zo ne don ya ga ƙasa, ya kuma gwada ƙarfinsa. Na biyu ɗan acaba ne, ɗan garin. Babur ɗinsa ƙarami ne, ya ɗora buhun masara da jarkar mai, ga kuma fasinja a baya. Shi bai fito gwada komai ba, abincin iyalinsa yake nema. Hanya ɗaya suke bi, amma abin da yake wasa ga na farko wahala ce ga na biyu. A kan wannan nake so mu yi tunani.

Yawon buɗe ido a kan babur ba sabon abu ba ne a duniya. A yankin Ladakh da ke arewacin Indiya, matafiya sukan hau babura su bi hanyoyin duwatsun Himalaya, inda tsawon wasu wurare ya wuce mita 5,000 daga teku. 'Yan Nijeriya ma suna yin doguwar tafiya a kan babur. A shekarar 2022, Kunle Adeyanju ya taso daga Landan ya iso Legas cikin kimanin kwana arba'in, domin ya jawo hankalin jama'a ga yaƙi da cutar shan-inna. Mambila kuma ta yi suna a wurin irin waɗannan matafiya. Tun da rikici ya ɓarke a yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi, da yawa daga masu ratsa Afirka sukan kauce wa can, su biyo ta Mambila, su bi ta Mayo Ndaga su shiga Kamaru ta wajen Banyo. Hanyar nan ba ta da kwalta, kuma da damina laka ce zalla.

Akwai mutane da yawa da ba sa ganin amfanin wannan yawo. Suna cewa wasa ne da rai. Mutum yana zaune lafiya a gidansa, me ya kai shi bakin rami? Idan ya faɗi ya karye, asibiti yana da nisa, kuma a wurare da dama waya ba ta kamawa. Suna kuma cewa almubazzaranci ne, domin kuɗin babban babur ɗaya zai iya biyan kuɗin makarantar yara masu yawa. Ba na raina wannan magana. Uwar da ta kasa barci saboda ɗanta yana kan dutse tana da gaskiyarta.

Duk da haka, ni a ganina yawon yana da kyau, kuma ya kamata a ƙarfafa shi. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. Ɗalibai da yawa sun haddace cewa Chappal Waddi shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, kuma Gashaka Gumti shi ne gandun dajin ƙasa mafi girma. Amma mutum nawa ne daga Inugu ko Ibadan ko Kalaba suka taɓa zuwa wurin? Mutum nawa suka san cewa ana noman ganyen shayi a Kakara, ko suka ga garken shanu suna kiwo cikin hazo a kan koren tudu? Wanda ya je ya kwana a Nguroje, ya ci abinci tare da Mambilawa da Fulani da sauran ƙabilun wurin, ba zai koma gida yana ɗaukar su baƙi ba. Ƙasa mai harsuna ɗaruruwa kamar tamu tana bukatar 'ya'yan da suka san juna.

Babur kuma ya fi mota dacewa da wannan aiki. Yana shiga inda mota ba ta shiga. Mai babur ba ya ɓoye a bayan gilashi: ruwa ya dake shi, ƙura ta rufe shi, yara su gaishe shi ya amsa. Ba ya iya ɗaukar kaya da yawa, don haka dole ya sayi abinci da mai a ƙauye, ya biya bakanike, ya kama ɗaki. Kuɗin nan yana shiga hannun talakawa kai tsaye.

Sai dai goyon bayana yana da sharuɗɗa uku. Na farko shi ne shiri. Dutse yana da dokokinsa. A sama iska ba ta da kauri kamar a ƙasa, saboda haka ƙarfin inji yakan ragu. Saukowa kuma ta fi hawa haɗari. Wanda ya danne birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Gwani yakan sa ƙaramar giya, ya bar inji ya taimaka wajen riƙe babur. Wasu sukan kashe inji a gangare don su rage shan mai, wannan kuwa ganganci ne. A cikin laka, wanda ya matse birkin gaba da ƙarfi sai ya ga kansa a ƙasa. Dole matafiyi ya duba taya da sarƙa da fitila kafin ya tashi, ya ɗauki kayan faci da famfo da ruwan sha da kayan taimakon gaggawa. Ya sa hular kwano ya ɗaure ta. Kada ya tafi shi kaɗai, kada ya yi tafiyar dare, kuma ya gaya wa wani inda ya nufa da lokacin da zai isa. Idan hazo ya rufe hanya, ya tsaya ya jira. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya yi wannan shiri ba wasa yake yi da rai ba.

Sharaɗi na biyu shi ne ladabi. Da ɗan gari akan ci gari. Taswirar da ke cikin waya tana nuna layi, amma ba ta san cewa ruwan daren jiya ya cinye gada ba. Ɗan acaba ya sani. Ya san rafin da ake ƙetarewa da wanda ake jira ya janye. Ya san hanyar da take lafiya da wadda ya kamata a guje wa saboda matsalar tsaro. Babban babur na baƙo yakan wuce kilo 200, kuma idan ya kafe a taɓo, mutum ɗaya ba ya iya fitar da shi. Su wa suke zuwa su tura? Samarin ƙauye ne, waɗanda wataƙila ya wuce ɗazu bai gaishe su ba. Saboda haka baƙo ya fara da sallama. Ya sanar da mai gari zuwansa. Ya rage gudu a cikin ƙauye, ya tsaya wa shanu su wuce, kada ya ratsa gonar mutane. Ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton kowa, musamman mata da yara. Wanda ya taimake shi ya biya shi hakkinsa, ya kuma yi godiya.

Sharaɗi na uku shi ne ya fi muhimmanci a wurina, wato gaskiya. Wasu matafiya sukan ce ba sa so a zuba wa irin waɗannan hanyoyi kwalta, wai daɗin tafiyar zai ƙare. Wannan magana ce ta wanda zai koma birni bayan mako ɗaya. Lakar da yake ɗauka hoto yana dariya, ita ce take hana mace mai naƙuda isa asibiti a kan lokaci. Ita ce take sa ayaba da dankali su ruɓe kafin su kai kasuwa. Ita ce take ƙara kuɗin gishiri da sabulu da man fetur a ƙauye, take kuma sa malamin makaranta ya ƙi zuwa inda aka tura shi. Baƙo raɓa ne, da rana ta fito ya tafi. Mutanen dutse kuwa suna nan rani da damina.

Don haka idan matafiyi ya dawo yana ba da labari, ko yana nuna hotuna a intanet, kada ya mai da kansa jarumin da ya ci dutse da yaƙi. Dutsen nan ana hawansa kullum da buhu biyu a kan ƙaramin babur, ba wanda yake tafa wa kowa. Ya nuna kyawun ƙasar, amma ya nuna gadar da ta karye da ramin da ya raba ƙauye da kasuwa. Mutanen birni da hukumomi sukan kalli hotunan baƙo fiye da yadda suke sauraren kukan ɗan ƙauye. Wannan dama ce a hannunsa, kuma amana ce. Idan an gyara hanya, bai yi asara ba. Sanyin Mambila da korayen tuddanta da mutanenta suna nan, kuma masu zuwa ganinsu za su ƙaru.

Ya ku ɗalibai, yawancinku ba ku kai shekara 18 ba, wato ba ku isa karɓar lasisin tuƙi ba tukuna. Kada sha'awa ta sa ku ɗauki babur ɗin yayanku ku fita gwaji. Akwai shirin da za ku iya farawa tun yanzu. Ku buɗe taswira ku nemi Gembu da Serti. Ku koyi yadda ake gyaran taya. Ku riƙe Hausar da kuke koyo da kyau, domin za ta yi muku amfani a kasuwa da tasha a wurare da yawa, ku kuma ƙara da gaisuwa cikin Fulatanci, wanda ake ji sosai a Mambila.

Wata rana wani daga cikinku zai tsaya a bakin wata kwana sama da Mayo Selbe, ya cire hular kwano yana kallon kwarin da ya baro. Ɗan acaba zai zo wucewa da lodinsa. Ina fata a ranar zai ɗaga masa hannu, ya ce, "Sannu da aiki, malam. Yaya hanya a gaba?" Sannan ya saurari amsar da kyau.