Mutum nawa ne ke zaune a Sakajiki?

Shekaru da dama ke nan rabon da a ƙidaya mutanen Sakajiki, wani gari na manoma da ke ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda a arewacin jihar Zamfara.

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta shekarar 2006. Ta nuna cewa jihar Zamfara na da mutane fiye da miliyan uku, yayin da ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda ke da kimanin 280,000. Sai dai alƙaluman da aka fitar sun tsaya ne a matakin ƙananan hukumomi, ba su sauko kan ƙauyuka ba.

Gwamnatin Muhammadu Buhari ta shirya sabuwar ƙidaya a 2023, amma ta ɗage ta.

A tsakanin nan, hare-haren 'yan bindiga sun sauya yanayin zaman jama'a a yankin. An kai wa Sakajiki mummunan hari a watan Oktoban 2021, kuma ƙauyuka da yawa a Zurmi da Shinkafi sun watse, mazaunansu sun koma manyan garuruwa.

Lamarin na da muhimmanci, domin yawan jama'a na cikin ma'aunin rabon kuɗaɗen tarayya, kuma da shi ake tsara makarantu da asibitoci da allurar rigakafi. Garin da ya karɓi 'yan gudun hijira yana ɗauke da nauyin da tsofaffin alƙaluman ba su san da shi ba.