Zauren Iyali: Ƙwallo a Ƙafa, Littafi a Hannu

A wannan wata za mu ɗauki wata magana da ke kawo gardama a gidaje da yawa, wato yaron da ke makaranta, amma zuciyarsa tana filin wasa.

Kwanan baya wata uwa daga Narayi ta tare mu bayan an tashi sujada. Ta ce, "Ku ba ni shawara, gidana ya ƙi zaman lafiya." 'Yarta tana ajin ƙarshe a sakandare, tana kuma cikin 'yan ƙwallon ƙafa na makarantarsu. Sakamakon zangon farko ya fito, ta fāɗi a Lissafi. Uban ya kwashe takalman ƙwallon ya kulle a akwati, ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa." Tun daga ranar yarinyar ta daina fara'a, abinci ma sai an matsa mata. Karatun da aka yi don shi kuwa bai ƙaru ba.

Ba mu ga laifin uban nan ba. Wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ya san dalilin tsoronsa. A dā, saurayi ko bai gama makaranta ba yakan sami aiki a masaƙa. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta ci da dubban gidaje, amma an rufe ta a 2002. Yau mai shiga jami'a sai ya kawo kiredit biyar, da Turanci da Lissafi a cikinsu, ya kuma ci jarrabawar JAMB. Uban da ke gumi kafin ya biya kuɗin makaranta ba zai so ya ga an yi wasa da su ba.

Amma ita ma yarinyar ba mafarkin banza take yi ba. Garin nan ya san ƙwallo. Da ka haye gada daga Barnawa, ga filin wasa na Ahmadu Bello a gabanka, inda aka yi bikin wasanni na ƙasa a 1977 da 2009. A 1996, lokacin da Nijeriya ta ci Ajantina 3 da 2 ta ɗauki lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta, biyu daga cikin ƙwallayen ukun Celestine Babayaro da Daniel Amokachi ne suka zura su, dukansu haifaffun Kaduna. Tijjani Babangida da Garba Lawal ma suna cikin ƙungiyar.

To, sai dai mu duba labarin har ƙarshensa. An haifi Amokachi a 1972. Ya fara da Ranchers Bees ta Kaduna, ya tafi Beljiyam a 1990, ya ɗauki kofi tare da Everton ta Ingila a 1995. Ƙarfinsa ya sa ana kiransa bijimi. Duk da haka ciwon gwiwa ya datse wasansa tun bai cika shekara 30 ba. In haka ta sami wanda ya kai ƙololuwa, yaya dubban da ba wanda ya taɓa jin sunansu? Ƙafa tana da ranar gajiya, amma abin da ke cikin kai yana raka mutum har tsufa.

Akwai kuwa waɗanda suka riƙe biyun. Cikin waɗanda suka ci wa Nijeriya kofin Afirka a Legas a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya karanta aikin injiniya a Ibadan, da Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Legas, daga baya har ya zama Antoni-Janar na Jihar Ribas. A Amurka ma, 'yan mata da yawa suna samun karatun jami'a ta hanyar wani wasa da ake kira sofbol, na jifan ƙwallo da bugun ta da sanda, mutum tara a kowane gefe. Amma da sharaɗi. Hukumar wasannin jami'o'insu ta kayyade awa 20 a mako don horo da gasa, wanda makinsa ya yi ƙasa kuma sai a dakatar da shi. Ashe wasa da karatu ba kishiyoyi ba ne, in an yi wa kowanne iyaka.

Muka ce wa uwar ta koma su yi lissafi su uku a zaune. Mako yana da awa 168. A cire 56 na barci, da 35 na makaranta, da 21 na aikin gida da cin abinci, saura 56. Horon yarinyar awa biyu ne sau huɗu a mako, wato awa 8. Saura 48. Ina suke tafiya? Da aka bincika, sai aka tarar ba ƙwallo ke cinye lokacin ba. Waya ce, da hira, da barcin gajiya don takan fita horo ba ta ci komai ba.

Sai suka yi yarjejeniya. Uban ya ce, "Zan ba ki takalmanki, amma kowace rana awa biyu na karatu kafin ki taɓa waya. In Lissafi bai tashi ba a zango na biyu, takalma su koma akwati." Ta durƙusa ta ce, "Na yarda, Baba." Uwar ta ɗauki nauyin ajiye mata abinci kafin horo. Uban kuma ya je da kansa ya ga malamin wasanni, suka shirya a rage horo idan jarrabawar WAEC ta matso.

Ba a yi abin al'ajabi ba. Makonnin farko da kuka aka yi su. Akwai ranar da aka yi wasa mai muhimmanci, aka bar ta a benci don ta makara, ta tsaya ƙarasa aikin gida na Lissafi. Ta dawo tana huci. Amma washegari ta tashi da asuba ta gama aikinta da wuri. A zango na biyu ta haye Lissafi, ko da yake da ƙyar. Abin da ya fi daɗaɗa wa uwar rai shi ne halin da ya sāke. Yarinyar da a dā in an ci su sai ta ɗora wa mai tsaron gida laifi, yanzu takan ce, "Mu ne ba mu yi ƙoƙari ba." Ta koyi cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta koyi fāɗuwa ba tare da karaya ba, wannan darasi kuwa shi ya hana ta gudun Lissafi.

Ya ku iyaye, kada mu yi saurin kulle akwati. Mu fara tambaya, mu ƙirga awoyi, mu kafa sharaɗi, mu kuma cika namu alkawarin. Mu riƙa zuwa kallon wasan 'ya'yanmu ko sau ɗaya a zango, yadda muke zuwa karɓar sakamako. Mu yi hattara kuma da masu zuwa da daɗin baki su ce a ba su kuɗi za su kai yaro Turai. Kada a cire yaro daga aji saboda alkawarin baƙo.

Ku kuma 'ya'yanmu, ku sani amanar iyaye ba a ƙwace ta da fushi, da aiki ake sayen ta. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. In kuna son a bar ku a fili, ku nuna a takarda.

Yarinyar nan za ta zauna jarrabawarta a watan Mayu. Takalman suna bakin ƙofa, littafin Lissafi yana kan tebur.