Bobi: Kafin a sake auna hekta, a fara ƙirga mutane

A watan Mayun 2024, sunan Ƙaramar Hukumar Mariga ta Jihar Neja ya shiga bakin Abuja ta hanyar da ba a yi tsammani ba. Kakakin Majalisar Dokokin jihar, Abdulmalik Sarkin-Daji, wanda ke wakiltar mazaɓar Mariga, ya sanar cewa zai ɗauki nauyin aurar da 'yan mata marayu 100, waɗanda aka ce 'yan bindiga ne suka kashe iyayen da yawa daga cikinsu. Ministar Harkokin Mata ta wancan lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta ce ba za ta saɓu ba, ta kai kuka wurin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta kuma garzaya kotu. Malamai suka mayar da martani, aka yi kwanaki ana ka-ce-na-ce kan shekarun amaren da 'yancinsu, daga bisani aka sasanta. A duk tsawon wannan hayaniya, kaɗan ne suka tsaya kan tambayar da ta fi kowace nauyi, wato yadda aka yi mazaɓa guda ta tara marayu masu yawan haka har suka isa aure a lokaci ɗaya.

Shekara biyar kafin nan, wannan ƙaramar hukuma ta taɓa cika takardun Abuja, amma da wani suna daban: Bobi. A lokacin ba a maganar marayu. Maganar hekta ake yi, da litar madara, da dalar da za a daina kashewa.

Matafiyin da ya tashi daga Abuja ya bi ta Suleja da Minna da Zungeru, idan ya isa Tegina ya ɗauki hanyar Kontagora, zai ratsa ƙasar Mariga, kuma a nan yankin Bobi yake, cikin Masarautar Kontagora. Hedikwatar ƙaramar hukumar tana Bangi, ta arewa kuma dazukanta sun haɗe da na Zamfara. Ƙasa ce ta ƙananan manoma: dawa, gero, masara, gyaɗa, wake, da shinkafa a fadamu. Akwai Kamukawa da Acifawa da suka daɗe a wurin, akwai Hausawa, akwai Fulani da rugagensu. A tsakiyar wannan duka Gandun Kiwo na Bobi yake, mai faɗin kimanin hekta 30,000.

A 2019 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ce ƙasar tana kashe fiye da dala biliyan ɗaya duk shekara wajen shigo da madara, don haka zai tsuke bakin aljihu ga masu shigo da ita sai dai idan sun zuba jari a gida. Gwamnan Neja na lokacin, Abubakar Sani Bello, wanda shi ma ɗan Kontagora ne, ya buɗe wa masu zuba jari ƙofar Bobi. Kamfanin FrieslandCampina WAMCO, mai madarar Peak, ya samu hekta 10,000, wasu kamfanonin ma aka ba su nasu kaso. A watan Fabrairun 2020 bankin ya fitar da sanarwar cewa kamfanoni shida kacal za a riƙa sayar wa kuɗin musaya domin shigo da madara. A takarda, lissafin ya yi kyau: a shuka ciyawa, a tanadi ruwa, a inganta irin shanu, makiyayi ya zauna wuri ɗaya, nono ya tafi masana'anta, rigimar manomi da makiyayi ta lafa.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai da ma'aikata daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara. A ƙarshen Mayun shekarar aka sace yara fiye da 130 daga wata Islamiyya a Tegina, garin da duk motar da za ta ɗauko madara daga Bobi zuwa Minna ko Abuja sai ta ratsa. Ƙauyukan Mariga kansu suka sha hare-hare, aka yi ta kore shanu, aka yi ta ɗaukar mutane daga gonaki. Sannan a watan Maris na 2024 Babban Bankin, da sabon shugabanci, ya janye takunkumin kuɗin musaya na madara gaba ɗaya. Sandar da aka kora kamfanonin da ita zuwa daji an ajiye ta. Babu laifi ga ɗan kasuwa idan ya sake lissafi bayan haka. Manomin Bobi da makiyayin Bobi ne ba su da wani wurin da za su mayar da jarinsu.

Yanzu zancen ya dawo sabo. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, Idi Mukhtar Maiha ya zama ministanta, kuma farfaɗo da gandayen kiwo na cikin manyan alƙawuranta. A Minna, Gwamna Mohammed Umaru Bago ya yi wa kansa laƙabi da gwamna manomi. Ba makawa fayil ɗin Bobi zai sake hawa teburin wani babban sakatare, wani mataimaki na musamman kuma zai zauna ya rubuta wa mai gidansa taƙaitaccen bayani. Kafin ya rubuta, yana da kyau ya san inda na farko ya yi tuntuɓe.

Kuskuren ya fara ne daga kallon gandun kiwo kamar farar takarda. Dokar gandayen kiwo ta tsohuwar Jihar Arewa ta fito ne a 1965, lokacin da al'ummar Najeriya ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na ta yau ba. Cikin fiye da gandaye 400 da ake lissafawa a ƙasar, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka taɓa tabbatarwa a gazet, kuma da wuya a sami wanda gonaki ba su shiga ba. Shekara sittin ba kwana sittin ba ce. A tsawon wannan lokaci an haifi mutane a bakin waɗannan dazuka, sun yi aure, sun sare daji, sun gina rumbuna, sun binne iyayensu. Taswirar da ke cikin ofis tana nuna layi ɗaya miƙaƙƙe. A ƙasa kuwa akwai gonar gado, akwai gonar aro, akwai ta jingina, akwai burtalin da aka toshe tun zamanin soja, akwai mashayar da ƙauye uku da ruga biyar ke rabawa bisa yarjejeniyar da ba a taɓa rubutawa ba. Wanda ya ce zai yanka hekta 10,000 daga irin wannan ƙasa ba tare da ya san ko waye ke cikinta ba, rigima ya yanka.

Za a ce, kuma da gaskiyar masu faɗa, ai gandun na kiwo ne, manomin da ya shiga ya ci iyaka. Makiyayi ma yana da nasa kukan: an ware masa wuri, an bar shi ba ruwa ba ciyawa, sannan gonaki suka cinye gefe da gefe, idan ya fita kuma a ce ya yi ɓarna. Wannan kuka ne na haƙiƙa. Amma hukumar da ta yi shekara da shekaru ba ta kafa turken iyaka ba, tana kuma kallo ana gina makarantu da rumfunan zaɓe a ƙauyukan da suka tsiro, ba ta da bakin da za ta wayi gari ta kira mazaunansu baƙi. Ƙasar nan ta taɓa gwada irin wannan gajeriyar hanya. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da aikin madatsar ruwa ya raba da gonakinsu ba tare da gamsasshiyar diyya ba sun tare hanyoyi, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Har yau ana jayayya kan adadin waɗanda suka mutu. A wancan lokacin babu gungun masu bindiga a dajin makwabta da ke jiran matashin da aka ƙwace wa gona, ko wanda aka kore wa shanu. Yau akwai.

Abin mamaki shi ne matakin gwamnatin da ya fi kowa sanin waɗannan mutane shi ne aka fi tsallakewa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo; abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. Dokar ta kuma amince da haƙƙin wanda ya riga yana noma gonarsa kafin zuwanta, ko da ba shi da takarda. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa bunƙasa noma da kula da kasuwanni da mayanka cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Wato a bisa doka, Bangi tana da kujera a teburin. A aikace kuwa, irin waɗannan yarjejeniyoyi tsakanin Abuja da Minna da Legas ake ƙulla su, shugaban ƙaramar hukuma da hakimi sai ranar buki, a zaunar da su a sahu na biyu domin hoto.

Ba a cewa ƙananan hukumomi tsarkaka ne. Da yawansu sun zama wurin biyan albashi kawai, wasu shugabanninsu ma a babban birnin jiha suke kwana. Sai dai ya kamata a tuna wanda ya mayar da su haka. Shekaru da dama kuɗinsu yana maƙale a asusun haɗaka da jihohi, har sai ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, kuma wannan jan ƙafar a ofisoshin Abuja ake yin wani ɓangare nasa. Ma'aikacin da ke ƙorafin cewa babu wanda zai yi magana da shi a Mariga, ya leƙa ofishin da ke kusa da nasa ya ga inda takardar kuɗin Mariga ta tsaya.

Ko ta fuskar madarar kanta, lissafin manyan filaye ba shi ne ya ciyar da ƙasashen da ake kwatance da su gaba ba. Indiya ta fara shirinta na madara a 1970 ƙarƙashin Verghese Kurien, bisa tsarin ƙungiyar gama-kai ta garin Anand. Ba ta tara shanu a gandu ba. Ƙananan cibiyoyi ta kafa a ƙauyuka, inda mace mai saniya ɗaya ko biyu za ta kawo nononta safe da yamma, a auna maiƙonsa, a biya ta. Kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya. Shi kansa FrieslandCampina, a can gida Holan, mallakar ƙungiyar gama-kai ce ta manoma masu kiwon shanu. Saniyar gida da ƙyar take ba da lita biyu a rana, gaskiya ne, amma abin da ya fi damun matar ruga ba irin saniya ba ne. Ta san ko nonon zai kai kasuwa kafin ya lalace, kuma ko ita kanta za ta dawo gida lafiya.

A nan ne ƙaramin manomi ke zama abokin aiki maimakon cikas. Shanu ba sa rayuwa a kan ciyawar damina kaɗai. Da rani karan dawa da harawar wake da ta gyaɗa da dusa ne ke riƙe su, kuma duk daga gonar manomi suke fitowa. Tun kaka da kakanni ana wannan musaya a ƙasar Kontagora: bayan girbi makiyayi ya sauka a gona, shanu su ci kara, su bar taki. Shirin da ya tanadi kuɗin sayen harawa daga ƙauyukan da ke kewaye da gandun, ya sa manomi ya ga ribarsa a cikin ƙoshin saniyar makwabcinsa, ya fi shingen waya amfani. Shirin da ya kori manomi kuwa, sai ya sayo abincin shanu da mota daga nesa, ta hanyar da direbobi ke tsoron bi bayan la'asar.

Saboda haka bayanin da mataimakin minista zai rubuta kan Bobi bai kamata ya buɗe da faɗin fili ba. Shafin farko ya zama na sunaye: ƙauyuka nawa ne a ciki da bakin gandun, rugage nawa, wa ke noma ina, tun yaushe, nawa ne daga cikinsu suka watse saboda hari, kuma ina mutanensu suke zaune yanzu. Wannan ƙidaya ba ta buƙatar ɗan kwangila daga waje. Dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo da malaman gona na ƙaramar hukuma za su iya yin ta cikin rani ɗaya, a karanta ta a bainar jama'a ranar kasuwa domin mai ƙorafi ya yi. Muhimmancin gaggauta ta shi ne, gonar da mai ita ya gudu ya bari shekara uku tana komawa daji, hoton tauraron ɗan'adam kuma zai nuna ta a matsayin filin da ba kowa. Idan aka raba ƙasa bisa wannan hoto, to abin da ɗan bindiga ya fara ne hukuma ta kammala da hatimi.

Shafi na biyu ya zama na tsaro, da sunan rundunar da za ta tsare hanyar Tegina zuwa Kontagora da kuma layin kasafin da za a biya ta, ba jimla ɗaya mai cewa za a haɗa kai da jami'an tsaro ba. Sannan a ƙasan yarjejeniyar, tsakanin sa hannun minista da na gwamna da na kamfani, a bar gurbi ga Ƙaramar Hukumar Mariga, da wakilin manoma da na makiyaya waɗanda mutanen wurin suka zaɓa da kansu, tare da sharaɗin abin da zai faru da filin idan kamfani ya janye ko Babban Banki ya sake canza shawara kamar yadda ya yi a 2024.

Daga cikin 'yan matan nan 100 da aka yi ta gardama a kansu, akwai waɗanda iyayensu suka bar gonaki. Ƙidayar ita ce za ta nuna ko gonakin suna cikin kason da aka riga aka bayar.